Tazarar albam a kiɗan rok da jiran da masoya ke yi

A kiɗan rok, wato kiɗan nan na jitar lantarki da ganguna da ya taso a Amurka a shekarun 1950 ya kuma bunƙasa a Birtaniya, da albam ake auna rayuwar ƙungiyar makaɗa. Albam kundi ne na waƙoƙi, galibi takwas zuwa goma sha biyar, da ake fitarwa lokaci guda da suna ɗaya da bango ɗaya. Masu bibiyar wannan kiɗa idan suna ba da tarihin wata ƙungiya ba su cika ambaton shekara ba, sai dai su ce abu kaza ya faru ne zamanin albam na uku, ko bayan na biyar. Shi ya sa tazarar da ke tsakanin albam da mai bi masa ta zama abin ƙirge a wurinsu, kamar yadda manomi ke ƙirga kwanaki idan ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina. Tazarar kuwa ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A farkon shekarun 1960 wata shida ce zuwa takwas. A shekarun 1970 ta kai shekara ɗaya zuwa biyu, a shekarun 1980 da 1990 manyan ƙungiyoyi suka mayar da ita uku ko huɗu. Yau ba abin mamaki ba ne fitacciyar ƙungiya ta shekara goma ba ta fitar da sabon kundi ba, alhali tana nan daram, tana wasa a filaye cike da jama'a.

Ƙungiyar Beatles ta birnin Liverpool ita ake fara kawowa idan ana maganar zamanin sauri. Ranar 11 ga Fabrairu 1963 samarin huɗu suka shiga situdiyon kamfanin EMI da ke titin Abbey Road a Landan da hantsi, kafin su fito da dare sun ɗauki waƙoƙi goma. Aka haɗa da huɗu da suka riga suka fitar, aka sami albam ɗinsu na farko, Please Please Me, wanda ya shiga kasuwa a watan Maris. John Lennon yana fama da mura a ranar, don haka waƙar da ta fi buƙatar ƙaraji aka bar ta zuwa ƙarshe, saboda an san in ya yi ta muryarsa ba za ta ƙara moruwa ba a wannan dare. Kafin shekarar ta fita sun saki na biyu. Haka suka yi a 1964 da 1965, biyu-biyu, ban da ƙananan faya-fayai da fina-finai da rangadi. Daga 1963 zuwa 1970 sun bar albam goma sha biyu na situdiyo a Birtaniya, sannan suka watse. Shekara bakwai ke nan, wadda ba ta kai tazarar da Metallica ta bari tsakanin albam ɗinta na 2008 da na 2016 ba.

Dalilan wannan sauri a fili suke. Makaɗan wancan lokaci abin da suke kaɗawa kullum a gidajen rawa shi suke kawowa situdiyo. Beatles sun sha kwana suna wasa na awoyi a birnin Hamburg na Jamus kafin duniya ta san su, waƙoƙin sun zauna musu a hannu, aikin situdiyo bai wuce a kunna na'ura su yi abin da suka saba ba. Na'urar ma ba ta ba da damar wani dogon gyara. Faifan garmaho mai tsawo, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, minti ashirin da 'yan kai yake ɗauka a kowane gefe, don haka waƙoƙin minti arba'in sun isa albam. Sannan ga ra'ayin kamfanonin faifai, waɗanda suka ɗauki kiɗan matasa a matsayin yayi mai wucewa. A ganinsu tauraron bana ba lallai ya kai baɗi ba, sai a yi sauri a ci kasuwa tun tana ci. Manajan Beatles, Brian Epstein, da furodusansu George Martin sun tsara albam biyu da ƙananan faya-fayai huɗu a kowace shekara, kuma sun yi ƙoƙarin cika wannan tsari a shekarun farko.

Har ƙarshen shekarun 1960 wannan ɗabi'a tana nan. Creedence Clearwater Revival ta Kalifoniya ta fitar da albam uku a cikin 1969 kaɗai, kuma dukansu sun karɓu. Led Zeppelin ta saki na farko a Janairun shekarar, na biyu a Oktoba, wanda aka ɗauka guntu-guntu a situdiyo daban-daban ana cikin rangadi. Black Sabbath ta Birmingham ta ɗauki albam ɗinta na farko a yini ɗaya, ya fito a Fabrairun 1970, kafin shekarar ta ƙare ta ƙara da Paranoid. Waɗannan kundaye har yau ana sauraronsu, abin da ke nuna cewa sauri bai hana inganci ba a hannun waɗanda suka san aikinsu.

Sauyin ya faro ne daga situdiyo. A Agustan 1966 Beatles suka yi wasansu na ƙarshe na masu sayen tikiti a San Francisco, suka daina rangadi, suka koma ɗakin ɗaukar sauti. Albam ɗinsu Sgt. Pepper, wanda ya fito a 1967, ya ci musu wata huɗu zuwa biyar, kuma sautinsa an gina shi ne hawa-hawa ta yadda ba za a iya maimaita shi a dandali da kayan lokacin ba. Daga nan sai na'urori suka yi ta ƙaruwa, daga mai layi huɗu zuwa takwas, zuwa goma sha shida, zuwa ashirin da huɗu. Kowane layi dama ce ta ɗaukar kayan kiɗa ɗaya shi kaɗai, a goge a sake, a ɗora wani a kansa. Duk damar da aka ƙara kuma shawara ce da sai an yanke, ga shi mutum huɗu ko biyar ne za su yanke ta. Fleetwood Mac ta yi kusan shekara guda a kan Rumours na 1977, mai bi masa kuma, Tusk na 1979, ya lashe fiye da dala miliyan ɗaya. Pink Floyd ta zauna a kan tsarin shekara bibbiyu: 1973, 1975, 1977, 1979.

A shekarun 1980 kasuwa ta koyi wata sabuwar dabara, ta tatsar albam ɗaya har sai ya ƙafe. Tashar talbijin ta MTV ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 1981, waƙa ta zama sai da bidiyo. Maimakon a saki sabon kundi, sai a riƙa zaro waƙoƙi ɗaya bayan ɗaya daga wanda ke kasuwa, kowace da bidiyonta da 'yan watanninta a rediyo. Born in the U.S.A. na Bruce Springsteen, na 1984, waƙoƙi bakwai aka zaro daga cikinsa, dukansu suka shiga goman farko a jadawalin Amurka. Faifan CD, da ya shigo a 1982, yana ɗaukar fiye da minti saba'in, sai masu saye suka fara ganin albam na minti arba'in kamar an rage musu mudu. Rangadi kuma ya tashi daga zagayen ƙasa ɗaya ya koma zagayen duniya. Metallica ta fitar da kundinta da ake kira baƙin albam a Agustan 1991, ta yi kusan shekara biyu tana yawo da shi, wasanni wajen ɗari uku, ba ta fitar da sabo ba sai 1996. Lissafin ya zama haka: shekara guda ta rubutu da ɗauka, shekara ɗaya da rabi ko biyu a hanya, sai hutu, don wanda ya yi wata ashirin yana kwana a otal da mota ba ya dawowa gida da marmarin shiga situdiyo.

Labarin Def Leppard ta birnin Sheffield ya haɗa wannan tsari da ƙaddara. Bayan nasarar Pyromania na 1983 sun fara aikin na gaba da wani furodusa, aikin bai yi musu ba, suka watsar. Ana cikin haka, a jajibirin sabuwar shekara, 31 ga Disamba 1984, makaɗin gangarsu Rick Allen ya yi hatsarin mota kusa da Sheffield, ya rasa hannunsa na hagu yana ɗan shekara 21. Abokansa ba su nemi wani ba. Aka ƙera masa ganguna na lantarki masu matakai a ƙasa, ya koyi buga da ƙafar hagu abin da a da hannun hagu ke bugawa. A Agustan 1986 ya hau dandali a bikin Donington, jama'a suka tarbe shi da sowa mai tsawo. Hysteria ya fito a 1987, shekara huɗu bayan na baya, ya sayar da fiye da kwafi miliyan ashirin. Wannan jira ne da masoya suka san dalilinsa, kuma ba a cika jin ƙorafi a kan irinsa ba.

Wani babban abin da ke cin shekarun makaɗa shi ne kotu. Bayan Born to Run na 1975, rikici ya ɓarke tsakanin Springsteen da manajansa Mike Appel, kotu ta hana shi shiga situdiyo da furodusan da yake so har aka sasanta a 1977, albam na gaba bai fito ba sai 1978. Tom Scholz na ƙungiyar Boston, injiniya ne da ya yi karatu a MIT, mai haɗa sauti a ɗakin ƙasa na gidansa, yana ganin an azalzale shi a kan albam na biyu na 1978, sai ya ƙi yarda a sake azalzalarsa. Kamfanin CBS ya maka shi a kotu, na uku bai fito ba sai 1986 a wani kamfani, ya kuma hau saman jadawali. Daga nan Boston ta riƙe tazarar shekara takwas kamar doka: 1986, 1994, 2002. Stone Roses ta Manchester ta fi kowa asara a wannan fage. Albam ɗinta na 1989 ya sa ana kallonta a matsayin wadda za ta jagoranci kiɗan Birtaniya, sai shari'a da kamfanin Silvertone ta ɗaure mata hannu har 1991. Ta ci shari'ar, ta sami kwantiragi mai tsoka, amma albam ɗinta na biyu, Second Coming, bai fito ba sai Disamban 1994. Kafin lokacin ƙungiyoyin Oasis da Blur sun cika filin, kallo ya koma kansu. Cikin shekara biyu Stone Roses ta watse.

Sai kuma abin da ke tsakanin 'yan ƙungiyar su kansu, wanda shi ya fi wuyar warwarewa. Samari 'yan shekara ashirin da ke kwana ɗaki ɗaya suna cin abinci kwano ɗaya suna iya rubuta waƙa a duk lokacin da ta zo. Idan sun kai hamsin, kowa da iyalinsa da garinsa da wata sana'ar da yake so, haɗa su wuri ɗaya na wata uku aiki ne babba. Ga rabon kuɗi, domin a al'adar wannan kasuwa wanda ya rubuta waƙa yana da kason da wanda ya kaɗa kawai ba shi da shi, kuma wannan ya raba abokai da yawa. System of a Down, ƙungiyar Armeniyawan Kalifoniya, ta fitar da albam biyu a 2005, daga nan shiru. Mawaƙinta Serj Tankian da makaɗin jitarta Daron Malakian sun bayyana a fili cewa sun saɓa a kan yadda za a rubuta waƙa da yadda za a raba iko. Suna haɗuwa su yi wasa, filaye su cika, amma yaƙin Nagorno-Karabakh na 2020 ne kaɗai ya iya mayar da su situdiyo, inda suka saki waƙoƙi biyu don tara wa Armeniya taimako. Mutuwa ma ba kullum take jawo jinkiri ba. Bon Scott, mawaƙin AC/DC, ya rasu a Fabrairun 1980, a watan Yuli na shekarar ƙungiyar ta fitar da Back in Black da sabon mawaƙi, kuma yana cikin kundayen da aka fi saye a tarihi.

Akwai jinkirin da tushensa neman kamala ne, kuma a nan sunaye biyu suka yi fice. Kevin Shields na My Bloody Valentine ya zagaya situdiyo goma sha tara kafin ya gama Loveless na 1991, abin da ya jigata ƙaramin kamfanin Creation. Mai bi masa sai da ya ɗauki fiye da shekara ashirin da ɗaya. A ƙarshen Janairun 2013, a wani wasa a Landan, wani daga cikin 'yan kallo ya tambayi Shields yaushe albam zai fito, ya ce wataƙila nan da kwana biyu ko uku. Mutane da yawa ba su gaskata ba, don sun sha jin irin haka. Ranar 2 ga Fabrairu da dare kundin ya bayyana a shafin ƙungiyar, cikin 'yan mintoci shafin ya durƙushe saboda cunkoson masu nema.

Na biyu shi ne Chinese Democracy na Guns N' Roses, wanda sunansa ya zama abin buga misali a Amurka ga duk aikin da aka yi ta alkawarinsa bai zo ba. Ƙungiyar ta fitar da tagwayen albam a Satumban 1991 tana kan ganiyarta. Daga nan aka fara zare jiki: makaɗin jita Slash ya fita a 1996, Duff McKagan a 1997, aka bar mawaƙi Axl Rose da sunan ƙungiyar. Ya ɗauko sababbin makaɗa, aka yi ta canza furodusoshi da situdiyo, waƙar da aka gama bara a sake warware ta bana. A 2004 kamfanin Geffen ya janye hannunsa daga biyan kuɗin aikin, ya fitar da tarin tsofaffin waƙoƙin ƙungiyar don ya rage asara. A 2005 jaridar New York Times ta ruwaito cewa abin da aka kashe ya haura dala miliyan 13. Rose ya ambaci 6 ga Maris 2007 a matsayin ranar fitowa, ranar ta zo ta wuce. A 2008 kamfanin lemon Dr Pepper ya yi alkawarin ba kowane mutum a Amurka lemo kyauta idan albam ɗin ya fito a cikin shekarar, alamar cewa jama'a sun ɗauki abin jiran gawon shanu. A shekarar ce wani mutum ya ɗora waƙoƙi tara da suka sulale a shafinsa na intanet, jami'an FBI suka kama shi. Ranar 23 ga Nuwamba 2008 albam ɗin ya fito, shekara goma sha bakwai bayan kundin ƙungiyar na ƙarshe mai sababbin waƙoƙi. Ya tsaya a matsayi na uku a jadawalin Billboard, cinikinsa bai kai yadda aka zata ba. Ba mummunan aiki ba ne, akwai waƙoƙi masu ƙarfi a ciki, amma an riga an ɗora masa nauyin da babu kundin da zai iya ɗauka. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Duk waɗannan dalilai tsofaffi ne. Abin da ya mayar da dogon jira ya zama ruwan dare a wannan ƙarni shi ne juyewar hanyar samun kuɗi. A da albam ne abincin, rangadi kuma talla ce ta albam. A 1999 cinikin waƙoƙin da aka ɗauka a Amurka ya kai ƙololuwarsa, kusan dala biliyan 14.6. A shekarar ce manhajar Napster ta bayyana, matasa suka fara musayar waƙoƙi kyauta ta intanet. Zuwa 2014 cinikin ya sauko zuwa wajen biliyan 7. Manhajojin sauraro irin su Spotify, wadda ta fara aiki a Suwidin a 2008, sun farfaɗo da kasuwar daga baya, sai dai abin da ke isa hannun makaɗi daga kowane sauraro ɗan mitsitsi ne, ga shi sai an raba tsakanin mutum huɗu ko biyar. Tikiti kuwa sai tsada yake ƙara yi. Rangadin U2 na 2009 zuwa 2011 ya tara fiye da dala miliyan 700. Guns N' Roses ɗin nan, da Slash da McKagan suka dawo a 2016, rangadinsu na shekara uku ya tara fiye da dala miliyan 580 ba tare da sabon albam ba. Oasis ta sake haɗuwa a 2025 bayan shekara goma sha shida da rabuwa, tikiti suka ƙare cikin awoyi, babu sabuwar waƙa ko ɗaya.

A nan akwai gaskiyar da masoya ba su cika son ji ba. Mafi yawan waɗanda ke cika filayen nan tsofaffin waƙoƙi suka zo ji, waɗanda suka yi ƙuruciya da su. Idan mawaƙi ya ce ga sabuwa, nan ne ake ganin mutane na tashi neman abin sha. Makaɗan sun lura da haka. Billy Joel ya daina fitar da albam na waƙoƙi tun 1993, amma daga 2014 zuwa 2024 kusan kowane wata yana cika zauren Madison Square Garden a New York, in ban da lokacin annobar korona. Rolling Stones ta shekara goma sha takwas tsakanin kundinta na 2005 da Hackney Diamonds na 2023 ba ta fitar da albam na sababbin waƙoƙinta ba, kuma a tsawon lokacin ba ta rasa masu kallo ba. Wanda zai kashe shekara guda da dukiya mai yawa a kan aikin da ba zai dawo da kuɗinsa ba, dole sai in yana da abin faɗa da ke cin ransa.

Ƙananan ƙungiyoyi da masu tasowa ba su da wannan sarari. Su tsarin sauraro ta intanet matsa musu yake su riƙa sakin sabon abu a kai a kai don kada a manta da su. A 2020 shugaban Spotify, Daniel Ek, ya ce makaɗi ba zai riƙa ɗaukar waƙa sau ɗaya a shekara uku ko huɗu ya zaci hakan ya isa ba, maganar da ta fusata makaɗa da yawa, waɗanda suka ga an mayar da fasaha kamar kayan masana'anta. Wasu kuwa yawan aiki ɗabi'arsu ce: King Gizzard & the Lizard Wizard ta Ostireliya ta fitar da albam biyar a 2017, ta sake yin haka a 2022. Ƙungiyar Mdou Moctar ta Nijar, wadda ta kai jitar Abzinawa dandalin rok na duniya, tana tafiya a kan tazarar shekara biyu zuwa uku: Ilana a 2019, Afrique Victime a 2021, Funeral for Justice a 2024. Juyin mulkin Yulin 2023 ya same su suna rangadi a Amurka, hanyar gida ta toshe na wani lokaci, sai suka shiga situdiyo a New York suka sake ɗaukar waƙoƙin sabon kundin da jitar da ba ta lantarki ba, aikin da ya fito a 2025.

Ta ɓangaren masoya, jira ya zama wata rayuwa mai zaman kanta. Hoton makaɗi a ƙofar situdiyo ya isa a kwana ana muhawara. Kalma ɗaya a hira ana juya ta ana fassarawa. Idan ƙungiya ta gwada sabuwar waƙa a dandali, kafin gari ya waye bidiyon da aka ɗauka da waya ya zagaya duniya, har wasu su haddace ta shekaru kafin a sake ta. Masoyan Tool sun fi kowa sanin wannan hali. Bayan 10,000 Days na 2006 ƙungiyar ta faɗa cikin shari'a da ta faro a 2007 a kan wani aikin zane, ta rikiɗe ta zama rikici da kamfanin inshora, ba a gama ba sai 2015. Ga kuma salon aikinsu: makaɗa uku su daɗe suna gina kiɗa suna rushewa, mawaƙi Maynard James Keenan ba ya ɗora murya sai sun gama, shi kuma yana can da wasu ƙungiyoyinsa biyu da gonar inabinsa a Arizona. Fear Inoculum ya fito ranar 30 ga Agusta 2019, bayan shekara goma sha uku, da waƙoƙi shida da kowace ta haura minti goma. Ya hau saman jadawalin Billboard, ya sauke kundin Taylor Swift daga wurin. Yaran da suka sayi na baya suna sakandare, wannan sun saye shi ne da 'ya'yansu a gida.

Idan aka duba waɗannan labarai da kyau, abin da ke ɓata ran masoya ba tsawon shirun ba ne kamar alkawarin da ake saɓawa. Wanda aka ce masa baɗi, baɗi ta zo aka ce wata baɗin, shi ke jin an raina shi. Robert Smith na The Cure ya yi ta cewa kundinsu na nan tafe tun 2019, bai fito ba sai 1 ga Nuwamba 2024, shekara goma sha shida bayan na baya. Abin da ya wanke shi shi ne aikin da kansa: waƙoƙi takwas da rashin mahaifiyarsa da mahaifinsa da ɗan'uwansa ya ratsa su, kuma suka kai ƙungiyar saman jadawalin Birtaniya karon farko tun 1992. David Bowie ya bi wata hanya dabam. Bayan kundinsa na 2003 ya ja bakinsa ya yi shiru har mutane suka ɗauka ya yi ritaya. Ya yi aikinsa a ɓoye a New York, waɗanda suka yi aiki da shi suka riƙe sirri, sai ranar 8 ga Janairu 2013, ranar da ya cika shekara 66, aka wayi gari da sabuwar waƙa da sanarwar albam. Ba wanda ya yi ƙorafin shekara goman, don ba wanda aka sa wa rai. Radiohead ma a 2007 kwana goma kacal ta bari tsakanin sanar da In Rainbows da fitowarsa.

Wajibi ne kuma a bambanta ƙungiyar da take tare amma ta yi jinkiri da wadda ta watse ta dawo, domin alƙaluma mafi girma daga rukuni na biyu suke fitowa. Eagles ta bar shekara ashirin da takwas tsakanin cikakken kundinta na situdiyo na 1979 da na 2007, The Who ashirin da huɗu tsakanin 1982 da 2006, Pixies ashirin da uku tsakanin 1991 da 2014. A irin wannan masoya sun riga sun fidda rai, don haka abin da ya zo ƙari ne, kuma ana yi masa hukunci da sauƙi.

Daga cikin jira mafi tsawo da aka sani a kan albam guda mai suna akwai na Smile. Brian Wilson na Beach Boys ya fara shi a 1966 yana ɗan shekara 24, yana ɗaukar gutsattsarin kiɗa a situdiyo daban-daban da niyyar ɗinke su daga baya. Kamfanin Capitol har ya buga bangon faifan da yawa. A 1967 aikin ya tsaya, saboda taɓuwar lafiyar ƙwaƙwalwar Wilson da saɓani a cikin ƙungiyar da rikici da kamfani. Shekaru da dama masoya suna musayar gutsattsarin a kaset, kowa yana jera su yadda yake zaton mai su ya nufa. A Fabrairun 2004 Wilson ya hau dandalin Royal Festival Hall a Landan da sababbin makaɗa ya gabatar da aikin daga farko har ƙarshe, a watan Satumba kuma sabuwar ɗaukar ta fito, shekara talatin da bakwai bayan lokacin da aka tsara. Ainihin sautukan 1966 da 1967, da muryoyin 'yan'uwansa Dennis da Carl waɗanda suka riga suka rasu, an fitar da su a 2011.